Maƙeri a Adabin Baka da Ƙagaggun Labarai: Nazari Daga Ƙasar Illela da Maƙwabtanta

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saurari tatsuniyoyi da labaran kafuwar garuruwan ƙasar Hausa da kunnen basira, zai lura da wani mutum da ke yawan fitowa a cikinsu, amma ba kasafai ake ba shi matsayin babban tauraro ba. Wannan mutum shi ne maƙeri. Ba shi ke kashe dodo ba, ba shi ke auren 'yar sarki ba, ba kuma shi ake naɗa wa rawani a ƙarshen labari ba. Duk da haka, in aka cire shi labarin ba zai kai gaci ba, domin daga hannunsa jarumi ke karɓar makamin da zai yi aiki da shi. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana siffofin da adabi ya ba maƙeri, da dalilan da suka sa aka ba shi su. Za a fara da ƙasar Illela da maƙwabciyarta Adar, sannan a leƙa sauran ƙasar Hausa da Afirka ta Yamma da wasu sassan duniya, domin mai karatu ya ga inda muka yi tarayya da wasu al'ummu da inda muka bambanta.

2.0 Ƙasar Illela da Sana'ar Ƙira

Garin Illela yana arewacin Jihar Sakkwato, a bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, kuma 'yan kilomitoci kaɗan ne tsakaninsa da Birnin Ƙonni. Iyakar da ta raba garuruwan biyu ta samo asali ne daga yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla tsakanin 1898 da 1906. Kafin wannan lokaci, Gobirawa da Adarawa da Fulani da Buzaye suna kai da kawowa a wannan yanki ba tare da wani shamaki ba, suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya. Saboda haka tatsuniyar da ake yi a Kalmalo ko Araba ita ce ake yi a ƙauyukan Ƙonni, sai ɗan bambancin karin harshe.

Arewa da Ƙonni akwai ƙasar Adar, wadda babban birninta shi ne Tawa. A can ma akwai wani gari mai suna Illela, mazaunin Sarkin Adar, wanda bai kamata a rikita shi da namu ba. Adar ƙasa ce ta duwatsu da faƙo, kuma ta shahara da tama, wato dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe. Wata Bafaransa mai binciken al'adu, Nicole Echard, ta zauna da maƙeran Adar, ta buga nazari a kansu a 1965, daga baya kuma ta ɗauki fim na yadda suke narka tama, ta sa masa suna Noces de feu, wato bikin auren wuta. Sunan ya fito ne daga yadda maƙeran suke kallon aikin nasu: ginin yumɓun da ake narka tama a cikinsa kamar amarya yake a wurinsu, dunƙulen ƙarfen da ya fito kuma kamar ɗan da ta haifa. Mutumin da ke zuba dutse da gawayi a cikin wuta ya fitar da ƙarfe, dole jama'a su riƙa kallonsa da mamaki da ɗan tsoro. Daga nan ne mafi yawan siffofinsa na adabi suka tsiro.

Bahaushe ya kasa maƙera gida biyu. Akwai maƙeran baƙi, masu ƙera galma da hauya da sungumi da lauje da gatari da mashi da takobi. Akwai kuma maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla da zinariya, waɗanda ke ƙera zobe da munduwa da warwaro. Kayan aikin maƙerin baƙi su ne uwar maƙera da masaba da awartaki da zugazugi, kuma gawayin ƙirya ya fi so saboda ƙarfin wutarsa. Maƙera suna da sarautarsu ta Sarkin Maƙera, suna da kiɗansu na dundufa, kuma a manyan birane suna da unguwanninsu, kamar Maƙera Assada a birnin Sakkwato. Sukan ce ƙira ita ce uwar sana'o'i, kuma suna da hujja: askar wanzami da wuƙar mahauci da gizagon masassaƙi da allurar maɗinki da galmar manomi, duk daga maƙera suka fito.

3.0 Siffofin Maƙeri a Adabin Baka

3.1 Mai Ba Jarumi Makami

Misalin da ya fi kusa da kowane Bahaushe shi ne tarihihin Bayajida. An ce bayan ya baro Borno, ya bar matarsa a Garun Gabas, sai ya biyo ta Gaya, inda maƙera suka ƙera masa wuƙa. Da ita ya isa Daura, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya tafi rijiyar Kusugu da dare, ya sare kan macijiyar da ta hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Abin lura a nan shi ne, labarin ya ce ɗan sarkin Bagadaza ne, mayaƙi, amma bai bar shi ya kashe macijiyar da makamin da ya zo da shi daga gabas ba. Sai da aka bi da shi ta hannun maƙeran ƙasa. Ma'anar wannan a fili take: baƙo ba ya samun mulki sai da hannun 'yan ƙasa masu riƙe da sirrin ƙarfe.

Haka abin yake a labarin Sunjata na ƙasar Mali, wanda Djibril Tamsir Niane ya rubuta daga bakin maroƙan Mande ya buga a 1960. Sunjata ya kai shekara 7 yana jan gindi, bai taɓa tsayawa da ƙafafunsa ba. Ranar da aka ci mutuncin uwarsa Sogolon, sai ya aika wurin shugaban maƙera Farakuru a kawo masa sandar ƙarfe mafi nauyi. Da ita ya dogara ya miƙe, har ta lanƙwashe kamar baka. A nan ma maƙeri ne ya tsayar da sarki a kan ƙafafunsa.

3.2 Mai Kafa Gari

Labarin baka na Kano ya ce wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya yana neman tama, ya same ta a gindin dutsen Dala, ya zauna. Zuriyarsa su ake kira Abagayawa. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, da ya zo lissafa manyan mutanen zamanin Barbushe, ya ambaci Gijigiji a matsayin maƙerinsu. Binciken masu tonon kayan tarihi ya ƙarfafa wannan labari, domin an sami alamun narka tama a Dala da suka kai ƙarni na 7 bayan haihuwar Annabi Isa. A Taruga kuma, kusa da Abuja, an tono wuraren narka tama da suka haura shekara 2,000.

Dalilin da ya sa ake jingina kafa gari ga maƙeri ba mai wuyar ganewa ba ne. Ba a sassabe daji sai da gatari, ba a noma sai da fartanya, ba a haƙa rijiya sai da dagi, ba a kare gari sai da mashi da kibiya. Dogon na ƙasar Mali sun kai wannan tunani matuƙa. A cikin abin da dattijo Ogotemmeli ya faɗa wa Marcel Griaule, wanda aka buga a 1948, maƙerin farko ne ya ɗebo wuta daga rana, ya sauko duniya da irin shuka da kayan ƙira.

3.3 Sarkin Wuta, Mai Asiri

A ƙasar Hausa an yi imani cewa wuta ba ta cin ɗan maƙera. A wurin naɗin Sarkin Maƙera ko bikin ɗayansu, in dundufa ta yi zaƙi, akan ga suna wasa da jan ƙarfe, suna shafa shi a jiki. Har yau a ƙauyuka da yawa, in yaro ya ƙone, gidan maƙera ake fara tunawa domin maganin ƙuna. Wannan imani ya ba mai tatsuniya tauraron da zai iya abin da sauran mutane ba su iyawa.

Marubucin ƙasar Gini, Camara Laye, ya zana irin wannan hoto a littafinsa L'Enfant noir na 1953, inda ya ba da labarin mahaifinsa, maƙeri a garin Kurusa. Akwai wani ɗan baƙin maciji da ke ziyartar maƙerar, wanda uban ya ɗauka a matsayin jagoran zuriyarsu, kuma ba ya narka zinariya sai ya tsarkake jikinsa yana karanta wasu kalmomi a ɓoye. Amma asiri yana da fuska biyu. Babban abokin gabar Sunjata, wato Sumanguru Kante sarkin Soso, shi ma daga zuriyar maƙera ya fito, kuma an ce ƙarfe ba ya cinsa. Sai da aka gano lagonsa aka harbe shi da kibiyar da aka ɗaura wa ƙaimin farin zakara, a yaƙin Kirina wajen shekarar 1235. Ke nan a labari ɗaya, maƙeri ne ya tayar da jarumi, maƙeri ne kuma azzalumin da jarumin ya zo kawarwa.

A Turai ma akwai tsohuwar tatsuniyar maƙerin da ya ƙulla ciniki da Shaiɗan domin ya sami ikon haɗa kowane irin abu da ɗan'uwansa, sannan ya yi amfani da ikon ya liƙe Shaiɗan ɗin a jikin itace har sai da ya warware cinikin. Wani nazari da Sara Graça da Silva da Jamshid Tehrani suka buga a 2016 ya ƙiyasta cewa tana iya kai shekara 6,000, wato tana cikin tatsuniyoyi mafi daɗewa da aka sani.

3.4 Mai Yi wa Kowa Aiki

Wannan ita ce siffar da ta fi ɗaukar darasi. Akwai tatsuniyar da ta bazu a Afirka ta Yamma, ta uwar da ke ɓoye 'ya'yanta a ɗaki, ba su buɗe ƙofa sai sun ji muryarta. Dodo ko kura ta zo ta kwaikwayi muryar, yara suka gane ta saboda kaurinta. Sai ta tafi wurin maƙeri ya gyara mata maƙogwaro da jan ƙarfe, muryar ta yi siriri, ta komo yara suka buɗe. Bayin da aka kwasa daga Afirka sun tafi da ita har Jamaika, kuma a Rasha ma kyarkeci wurin maƙeri yake zuwa kafin ya yaudari 'yan awaki. A duk waɗannan wurare, maƙerin ba ya tambayar abin da za a yi da muryar. An kawo masa aiki, ya yi, ya karɓi ladarsa.

Tatsuniyar tana nuna wani abu da jama'a suka daɗe da sani. Hannun da ya ƙera galma shi ya ƙera barandami. Hannun da ya ƙera linzami da likkafa shi ya ƙera marin da ake sa wa bawa ko fursuna, kuma in za a cire marin, wurin maƙerin ake komawa. Chinua Achebe ya taɓo wannan a Things Fall Apart na 1958: wani gwanin maƙeri ne ya ƙera tsohuwar bindigar Okonkwo, kuma fashewar bindigarsa a wurin jana'iza, wadda ta kashe wani yaro, ita ta jawo masa hijirar shekara 7. Tambayar da adabi ke yi ita ce, shin mai ƙera makami yana da kaso a cikin alhakin abin da aka yi da shi? Tatsuniya ba ta hukunta maƙeri, amma ba ta kuma wanke shi.

3.5 Ɗan Aike da Abokin Wasa

A yankin Illela da Adar, siffar maƙeri ta haɗu da al'adar Buzaye. Maƙeran Azbinawa, waɗanda suke kira Inadan, rukuni ne na daban, suna aure a tsakaninsu, kuma bayan ƙira su ne 'yan aiken manya, masu shiga tsakani a neman aure, masu faɗin maganar da mai martaba ke jin nauyin faɗa. Ana tsoron bakinsu, ana kuma buƙatarsu. Haka matsayin maƙera yake a wurin mutanen Mande. Hausawa sun ɗan bambanta: ƙira gado ce, amma maƙeri ba ware shi aka yi daga jama'a ba, kamar yadda Philip Jaggar ya nuna a littafinsa kan maƙeran birnin Kano na 1994. Akwai kuma wasan barkwanci tsakanin maƙera da Buzaye, irin wanda ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa, ko Fulani da Barebari. Wannan ya sa a labaran raha na yankinmu maƙeri kan fito a matsayin mai kaifin baki, wanda ke faɗa wa kowa gaskiya cikin wasa ba a riƙe shi.

3.6 Mai Tsayawa Gaban Azzalumi

A ƙasar Farisa, Firdausi ya kammala littafin Shahnama a shekarar 1010. A cikinsa akwai maƙeri mai suna Kawa, wanda azzalumin sarki Zahhak ya kashe wa 'ya'ya domin ciyar da macizan da suka tsiro a kafaɗunsa. Kawa ya cire walkinsa na fata, ya ɗaura a kan mashi ya zama tuta, ya ja talakawa har aka tumɓuke sarkin. Dalilin da ya sa maƙeri ya dace da wannan matsayi shi ne, talaka ne kamar kowa, amma makamin talaka a hannunsa yake. Tarihinmu ma ya shaida haka. A watan Fabrairu na 1906, mutanen Satiru da ke kudu da birnin Sakkwato sun fuskanci sojojin Turawa, mafi yawansu da gatura da fartanyoyi, suka kashe Turawa 3, kafin a komo a rusa garin a watan Maris.

4.0 Tasirin Musulunci

Zuwan Musulunci bai kawar da maƙeri daga labarai ba, sai dai ya sake masa tushe. Alƙur'ani mai girma yana da sura sukutum mai sunan ƙarfe, wato Suratul Hadid, sura ta 57, inda aya ta 25 ta bayyana cewa a cikin ƙarfe akwai ƙarfin yaƙi da kuma amfani ga mutane. Waɗannan su ne fuskoki biyun da tatsuniya ta daɗe tana nunawa. Suratu Saba'i ta faɗi yadda aka tausasa wa Annabi Dauda ƙarfe ya riƙa ƙera sulke, shi ya sa maƙera da yawa ke jingina asalin sana'arsu gare shi. Suratul Kahfi kuma ta kawo ƙissar Zulƙarnaini, wanda ya gina katanga da guntayen ƙarfe da narkakkiyar tagulla domin tsare Yajuju da Majuju.

A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, an kwatanta abokin banza da mai hura zugazugi, wanda in bai ƙona maka tufa ba, ka shaƙi wari. Wasu kan ɗauki wannan a matsayin suka ga sana'ar, alhali kuwa misali ne da aka ɗauko daga abin da kowa ya sani. Hujja ita ce, Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) a gidan maƙeri Abu Saif aka shayar da shi a Madina, kuma Manzo yakan je gidan ya gan shi duk da hayaƙin da ke ciki. Sahabi Khabbab ɗan Aratti, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara musulunta suka sha azaba a Makka, shi ma maƙerin takubba ne.

5.0 Maƙera a Cikin Harshe

Ko wanda bai taɓa shiga maƙera ba, yana amfani da ita a maganarsa ta yau da kullum. In ana son a hanzarta abu, sai a ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. In ana neman haɗin kai, ko ana son nuna cewa faɗa ba na mutum ɗaya ba ne, sai a ce ƙarfe ɗaya ba ya amo. In ƙaramin bincike ya bankaɗo babban al'amari, sai a ce allura ta tono garma. Kalmar zuga, da muke amfani da ita ga mai ingiza wani ya yi faɗa, daga aikin yaron maƙeri aka aro ta, wanda ba ya taɓa ƙarfe amma shi ke sa wuta ta ci. Kyakkyawar mace ko doki ma akan yaba ƙirarsu. Harshe ya adana matsayin maƙeri fiye da yadda littattafai suka adana shi.

6.0 Maƙeri a Rubutaccen Adabin Hausa

Manyan tarin tatsuniyoyin Hausa sun fito ne a farkon mulkin Turawa. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i 3 tsakanin 1911 da 1913, kuma kaso mai yawa na abin da ke ciki malaman lardin Sakkwato ne suka rubuta shi da ajami. R. S. Rattray da A. J. N. Tremearne su ma sun buga nasu a 1913, sannan Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970.

Amma da aka zo ga ƙagaggun labarai, sai maƙeri ya ja baya. Littattafan da suka biyo bayan gasar 1933, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, taurarinsu malamai ne da mayaƙa da matafiya. Littattafan soyayya da suka yawaita a Kano tun daga shekarun 1980 kuwa, 'yan kasuwa da 'yan boko suka cika su. A littattafan yaƙi na zamani ma, takobin jarumi daga wurin boka ko aljani yake fitowa. A Ingila, Charles Dickens ya ɗauki maƙerin ƙauye, Joe Gargery, ya mai da shi ma'aunin gaskiya da riƙon amana a Great Expectations na 1861. Wannan fili ne da ke jiran marubutan Hausa.

Ja da bayan nan yana da alaƙa da abin da ya sami sana'ar kanta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ƙarfen Turai da tarkacen ƙarafa suka cika kasuwanni, narka tama ta mutu sannu a hankali. Maƙerin yau da sifirin tsohuwar mota yake aiki. Yana nan a kasuwar Illela ta ranar Lahadi yana sayar da galma da lauje, amma ɓangaren aikin da ya fi ba mutane mamaki, wato mai da dutse ƙarfe, ya tafi tare da tsofaffin da suka san shi.

7.0 Kammalawa

An ga yadda adabi ya ba maƙeri siffofi shida: mai ba jarumi makami, mai kafa gari, sarkin wuta, mai yi wa kowa aiki, ɗan aike, da mai tsayawa gaban azzalumi. Dukkansu sun taru a kan abu ɗaya, wato mutum ne da al'umma ba ta iya rayuwa sai da shi, kuma abin da ke fitowa daga hannunsa yana iya ciyarwa yana iya kashewa. A wannan zamani da matsalar 'yan bindiga ta addabi gabashin Jihar Sakkwato, tambayar da tsohuwar tatsuniya ta yi game da alhakin mai ƙera makami ta sake zama abin dubawa ga sarakunan maƙera da hukuma baki ɗaya.

Shawarar da za a bayar ita ce, Hukumar Tarihi da Al'adu ta haɗa hannu da masarautu da sashen nazarin harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a bi gidajen maƙera na Illela da Gwadabawa da Gada da Tangaza, a naɗi kirarinsu da kiɗan dundufa da labaran asalinsu daga bakin dattawan da suka rage. A kuma nemi haɗin kan 'yan'uwa na Ƙonni da Tawa, tun da tarihin ɗaya ne. A gano wuraren da kashin maƙera ya taru a bayan ƙauyuka, a yi musu alama kafin noma da gine-gine su shafe su. Allah ya sa mu dace, amin.